Tsohuwar bindigar iska: tambayoyi da amsoshi kan saiti da yadda ake kula da ita

Assalamu alaikum. Tambayoyin nan kusan iri ɗaya ne suke ta dawowa, yau wani daga Kawo gobe wani daga Barnawa ko Rigasa, kowa da bindigar da aka ciro daga silin ɗin gidan marigayi babansa ko bayan wadirob, shi yasa nace bari in tara su waje guda kowa ya duba tasa. Maganar tsofaffi masu sifirin ake yi, irin wadda ake karya hancinta a ɗana ko a ja ƙarfen da ke ƙasan hancin, ba sababbin nan masu tulun iska ba. Yawancin bindigogin da ake cewa sun mutu lafiyarsu ƙalau, ko dai an ɗura musu man da bai dace ba, ko noti ya kwance, ko harsashin banza ake saka musu, don haka kafin ka kai ta wajen mai walda ka daure ka karanta.

Malam ai bindigar iska ce kawai ta harbin tsuntsu, ita ma sai da lasisi?

Ita ma. Dokar makamai ta Najeriya da aka yi tun 1959 ta raba bindigogi gida uku, akwai manya waɗanda sai da izinin shugaban ƙasa, akwai na ɗuri ta baki irin adakar maharba wanda kwamishinan 'yan sanda na jiha ke ba da takardarsu, sai na tsakiya da mutum ke riƙewa da lasisin Sufeto Janar, toh a wannan rukunin na tsakiya aka rubuta bindigar iska ƙarara, layi ɗaya da bindigar farauta mai baki biyu. Takardar baba ta baba ce, ba a gadonta kamar fili, kuma ba a ba wanda bai kai shekara 17 ba. Har sana'ar gyaran bindiga ma sai da izinin 'yan sanda. Ka je hedkwatar 'yan sanda ta jiha ka gyara takardunka kafin komai. Kuma don Allah, a halin da muke ciki a Kaduna kar ka rataya ta ka hau mashin ko ka jefa ta a but ka kama hanyar Zariya ko Abuja babu takarda, wanda ke shingen bincike da daddare ƙota da hanci zai gani, ba zai tsaya tambayar iska take harbawa ko albarushi ba.

Ta babanmu ce, ba mu san ko wace iri ba ce balle shekarunta. Ya ake ganewa?

Goge saman bututun da sifirin ke ciki da tsumma mai ɗan mai, ka fita da ita rana ka karkata ta, rubutun zai fito. Waɗanda aka fi cin karo da su a gidajen tsofaffin ma'aikatan reluwe da masaƙun Kakuri sune Diana da BSA, sai jefi-jefi Webley ko Weihrauch ko Slavia ta ƙasar Cek, sai kuma 'yan China B2 da B3 da suka zo daga baya.

Diana tana da ɗan ruɗani. Asalinta ta Jamus ce, garin Rastatt, kamfanin ya faro a 1890, tambarinta mace ce ta yar da baka ta ɗaga bindiga. Bayan yaƙin duniya na biyu aka kwashe injinan kamfanin da sunan aka kai Birtaniya, wani kamfani Milbro ya cigaba da ƙera tasa Diana a Sikotland, su kuma Jamusawa da suka farfaɗo sai suka riƙa sayar da tasu a can da sunan Original har zuwa shekarun 1980 da suka karɓo sunansu. Don haka in kaga Original 27 ko Original 35 kar ka ce jabu ce, ita ce ma ta Jamus ɗin. In an rubuta Made in West Germany kasan kafin 1990 aka yi ta. Da yawansu akwai 'yan ƙananan lambobi a gefen hagu na bututun ta baya, wata da shekara ne, 06 74 yana nufin Yunin 1974. In kuma kaga harafin F a cikin zane mai kusurwa biyar, alamar dokar Jamus ce da ta fara a 1970, ma'ana ƙarfinta bai wuce jul 7.5 a ma'aunin ƙarfin harbi ba, haka aka ƙera ta, ba gajiya ta yi ba.

BSA ta Birmingham ce, tambarinta bindigogi uku a jingine da juna. Airsporter ta fito a 1948, Meteor a 1959. Weihrauch HW35 tun 1951 ake yinta, tana da ɗan makulli a gefe da sai ka danna kafin hancin ya karye, in ita ka gada toh ka yi sa'a, kunamarta mai suna Rekord har yau da ita ake gwada sauran.

Na zuba mata baƙin mai ta ramin iska, yanzu tana ƙara tau kamar ta gaske har da hayaƙi, kenan ƙarfi ya dawo?

A'a ɗan'uwa, ƙona ta kake yi. Cikin bindigar nan tamkar famfon keke ne, fistin ne da fata ko roba a kansa, sifirin a bayansa, in ka ja kunama sifirin ya wurgo fistin gaba ya matse iskar ta fita ta wani ɗan rami ta tura harsashi. Bambancin kawai wannan matsin cikin ƙiftawar ido yake faruwa, iskar tana ɗaukar zafi sosai, in ta tarar da baƙin mai ko kananzir ko man feshin tsatsa WD-40 a wurin sai ya kama da wuta, yadda man dizal ke kamawa a inji ba tare da fulogi ba. Ƙarar da kake ji kenan da warin da ke biyo baya.

Abun da wannan fashewar ke yi, tana dukan fistin ta maida shi baya da ƙarfi, sifirin ya lanƙwashe ko ya karye, fatar ta ƙone ta taurare, sannan saiti ya tafi gaba ɗaya domin harbi ɗaya ya fita da gudu mai yawa na biye da shi ya fita a sanyaye, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Mutum yana ta murɗa saiti yana zagin bindiga alhali man da ya zuba jiya ne. Ɗan siririn hayaƙi a cikin hanci bayan harbi ba komai bane a bindiga mai fata, haka suke. Amma tau mai tsorata kaji da tartsatsi a baki, wannan a daina. In ka riga ka zuba, kar ka ƙara, jingine ta baki ƙasa a kan tsumma ta kwana biyu abun da zai tsiyaye ya tsiyaye, sannan ka yi ta harba harsashi mai ɗan nauyi cikin buhun yashi har ƙarar ta koma dum. In ta ƙi dainawa sai an buɗe an wanke.

Toh wane mai ya kamata a saka?

Ya danganta da abun da ke kan fistin ɗin. Yawancin na kafin shekarun 1970, da wasu ma na bayan nan irinsu Diana 27 da 'yan China, fata ce. Fata tana son mai, in ta bushe ta ƙanƙance iska ta riƙa zurarewa ta gefe, kuma hunturun Kaduna ba ya raga mata, daga Disamba zuwa Fabrairu ne ake yawan kuka da cewa bindiga ta yi sanyi. Man da ya dace da ita shine wanda ake shafa wa sirdi da linzami, nitsfut ake ce masa, daga ƙashin ƙafar shanu ake samunsa, masu kula da dawaki a wajen filin folo sun san shi. Karya hancin kaɗan, zaka ga ɗan rami a fuskar bututun, ɗiga uku zuwa biyar, tsayar da ita a kan gindinta ta kwana fatar ta sha. Ba kullum ba, sai bayan harbi ɗari-ɗari masu yawa ko in kaji tana ƙugi lokacin ɗanawa.

Mai roba kuwa kusan ba ta buƙatar komai, ɗigo ɗaya na man silikon da aka yi don bindigar iska ya ishe ta tsawon lokaci. Silikon ɗin nan a ramin iska kawai yake aiki, kar ka saka shi inda ƙarfe ke gogar ƙarfe. Mahaɗar da hanci ke lanƙwasawa da sandar ɗanawa, ɗan giris. Jikin ƙarfe na waje, man keken ɗinki a tsumma. Man ja da man gyaɗa a bar su a kicin, suna daskarewa su zama ƙaro su kama ƙura.

Oga ba ta cin saiti ko kaɗan, inaga bakin ne ya karkace. A miƙe shi?

Kar a taɓa shi tukuna. Baki ne abu na ƙarshe da ake zargi, kuma ko da ya ɗan karkata ma ba ya hana harsasai taruwa waje ɗaya, sai dai su taru a gefe.

Fara da notuna. Galibi uku ne ke riƙe ƙarfen a jikin ƙota, biyu a gaba hagu da dama, ɗaya a gaban ƙarfen da ya kewaye kunama. Bindigar sifirin tana girgiza kanta a duk harbi, ga katako yana kumbura da damina ya koma ya tsuke da hunturu, don haka notunan nan kwancewa suke ko ba a taɓa su ba. Nemi sukudireban da bakinsa ya cika tsagar notin daidai, ka ɗaure har ya tsaya, ba ɗaurin tayar mota ba. Sai notin mahaɗa: ɗana ta, riƙe hancin, ka ɗaga shi rabin hanya ka ɗan sassauta hannu, in ya tsaya inda ka bar shi lafiya, in ya faɗo ragwaf ko yana kaɗawa hagu da dama toh a ɗaure. Sannan ka taɓa saitin baya da na gaba da yatsa, sau da yawa na bayan ne ke rawa.

Bayan nan sai gwaji, kuma yawancin mutane a nan suke ɓata lissafi domin gwangwani suke harbi, in ya faɗi su ce ta gyaru in bai faɗi ba su murɗa saiti. Gwangwani ba ya gaya maka inda ka kuskure. Samo kwali mai faɗi, ɗiga baƙin tabo da maka a tsakiya, jingine shi a jikin buhun yashi ko tudun ƙasa, ba katangar bulo ba domin dalma tana dawowa. Auna mita 10, nisan da ake gasar bindigar iska kenan a Olamfik. Zauna, harba biyar a tabo ɗaya ba tare da ka taɓa saiti ba ko da kaga suna sauka can gefe. Je ka duba. In murfin kwalbar lemo ya rufe ramukan biyar, bindigarka lafiya lau, saiti kawai za a matsar, kuma ƙa'idar ita ce saitin baya ana matsar da shi ɓangaren da kake so harsashi ya koma, yana sauka ƙasa ka ɗaga shi, yana sauka hagu ka kai shi dama. In ramukan sun jeru sama da ƙasa, zargi mai ko sil, wato zoben da ke tare iska a gindin hanci. In sun watsu ko'ina, zargi harsashi ko riƙonka.

Karkacewar gaske tana da labarinta: wani ya ja kunama hanci na buɗe, hancin ya tashi da ƙarfi ya bugu, daga nan take harbi sama sosai har saiti ya kasa sauko da ita, sau da yawa har ƙota ta tsage a wuya. In ba a taɓa yin haka ba, da wuya baki ne.

Ni tsohon soja ne, na san harbi, amma wannan 'yar abar ta gagare ni. Me ke faruwa?

Ranka ya daɗe, sanin harbin ne ya jawo, kuma ba kai kaɗai ba, garin barikoki ne Kaduna, wannan ƙorafin ya fi fitowa daga wajenku. An koya muku a danne bindiga a kafaɗa a riƙe gam. Ita wannan, lokacin da ka ja kunama harsashi bai motsa ba tukuna, sai fistin mai nauyi ya ruga gaba, bindigar ta zabura baya sannan ta zabura gaba, duk harsashin na cikin hanci. In riƙon yau ya fi na ɗazu ƙarfi, zaburar ta canza, inda baki ke kallo lokacin fitar harsashi ya canza. Ba za a iya hana ta motsi ba, sai dai a bar ta ta yi motsi iri ɗaya kullum. Buɗe tafin hannun hagu ka ɗora ta a kai kar ka damƙe, waje ɗaya kullum, ɗan gaban kunama inda nauyinta ya daidaita. Gindin ya taɓa kafaɗa kawai, kunci ya ɗan jingina. Ja kunama a hankali, kuma ka cigaba da kallon tabon har sai kaji harsashi ya sauka. Kar a ɗora katakon kai tsaye a kan katanga ko tagar mota, in za a jingina a sa hannu a tsakani.

Wane harsashi ne mai kyau? Na ga wasu na saka boris ɗin keke.

Boris ƙarfe ne mai tauri, cikin hancin kuma akwai zane a murɗe wanda shi ke juya harsashi ya tafi a miƙe, boris da ƙusa da guntun waya cinye zanen suke, kuma boris in ya bugi abu mai tauri ido yake nema. Dalma kawai. Wanda aka tsinto bayan an harba shi ma ya gama aiki.

Girma biyu ne aka fi samu, 4.5 da 5.5 na milimita, wato .177 da .22. Ga wani abu da ke wahalar da masu tsofaffin BSA da Webley: .22 ɗin Ingila na da ya ɗan fi faɗi, kusan 5.6 ne, shi yasa harsashin yanzu ke faɗawa ciki sakwaf iska ta wuce ta gefe. Nemi wanda aka rubuta 5.53 zuwa 5.55 a ƙasan gwangwanin, kamfanin H&N suna yi, ko mai laushin siket, wato buɗaɗɗen gindin harsashin, irin na kamfanin RWS da iska ke iya buɗa shi ya kama bango. Tsohuwar bindiga mara ƙarfi ta fi son mara nauyi, wajen rabin giram a 4.5, ƙasa da giram ɗaya a 5.5. Masu tsini suna da kyan gani amma masu zagayayyen kai sun fi zuwa inda aka aike su. In ka buɗe gwangwani kaga rabi siket ɗinsu a lotse, ga ɓurɓushin dalma a ƙasa, kar ka wahalar da kanka da gwajin saiti da su. Kowace bindiga da wanda take so, ko da iri ɗaya ce da ta maƙwabcinka, sai an gwada kala biyu uku a kwali.

Sai al'adar zuba harsashi a baki saboda saurin ɗuri, a daina, musamman yara. Gubar dalma ce ta kashe yara sama da 400 a Zamfara a 2010. Haka masu narka dalmar batir a gida suna zuba nasu harsashin, su ma su daina. A wanke hannu kafin cin abinci.

Tana harbi amma ba ƙarfi, ko gwangwanin madara ba ta hudawa.

Duba sil ɗin da ke gindin hanci, zoben fata ko roba da ya kewaye inda ake saka harsashi. Ɗana, saka harsashi, rufe, ɗora 'yar takardar tishu a kan mahaɗar, harba cikin yashi. In tishu ya yi tsalle iska na gudu ta nan. Ciro zoben da tsinken sakace, yanko siririyar takarda mai kauri ko roba daidai ramin ka shimfiɗa a ƙasa ka mayar da shi ya ɗan ɗago, ko ka nemi sabon zoben roba daidai girmansa wajen masu kayan gyaran mota. In na fata ne baduku zai yanka maka cikin minti kaɗan. In nan lafiya, ba wa fatar ciki mai kamar yadda na faɗa a sama ka jira kwana ɗaya. In duk da haka shiru, kuma ɗanawar ta yi sauƙi fiye da da ko kana jin ƙarar gurzawa, sifirin ya karye.

In buɗe ta da kaina ko in kai kasuwar Panteka?

Panteka akwai masu hannu, mutanen da za su ƙera maka noti ko fin da ya ɓace daidai da na asali, wannan ba musu. Amma aikin nan ba na guduma da walda bane, kuma na faɗa a sama gyaran bindiga a matsayin sana'a sai mai izini. Duk wanda zai buɗe ya san cewa sifirin ɗin a matse yake ko ba a ɗana ba, in aka zare fin ɗin baya haka kawai murfin zai fito da gudu, ya isa ya fasa haƙori. Ana kama bututun ne a dogon abun matse katako na kafintoci, a zare fin, a riƙa sassautawa a hankali.

Diana 27 da 35 suna da wani tarko na daban, kunamarsu da ƙananan boris guda uku take riƙe fistin, suna cikin wani bututu a cikin wani bututun da ɗan siririn sifirin a gefe. Da ka zaro, boris ɗin za su gangara ƙasan benci, in a tsakar gida ne mai yashi sai dai haƙuri. A shimfiɗa farin zani kafin a fara, wajen mayarwa kuma a manna su da giris su zauna. In fistin ya fito ka kalli fuskar fatar da kyau, abun da ake tararwa a nan yana ba da labarin yaran gidan gaba ɗaya: kan ƙusa a nutse, guntun ashana, dalma a baje kamar an buga ta da guduma, duk ta ɗan ramin iskar aka tura su. A tsince su, in fatar ba ta yage ba a jiƙa ta a mai ta kwana ta koma aiki, in ta ƙone a yanka sabuwa daga fata mai kauri. Wanke bututun tas ya bushe, shafa giris mai moli, baƙin nan irin na shaf ɗin mota, siriri a jikin fistin da sifirin, kar ko ɗigo ya tsallaka gaban fatar.

Kayan gyara na asali har yanzu ana samu, a Birtaniya akwai T.W. Chambers da John Knibbs da suka shahara da na tsofaffin BSA da Webley da Diana, sai dai ka tambayi 'yan sanda da kwastan ƙa'idar shigowa da su kafin ka biya kuɗi.

A saka mata sifirin mai ƙarfi ta riƙa kai nesa?

Kar a soma. Ƙarfin bindigar nan yana ga yawan iskar da bututunta ke ɗauka, shi kuma ba ya ƙaruwa. Babban sifirin zai sa ɗanawa ta yi wuya, duka ya ƙaru, saiti ya lalace, haƙorin kunama ya cinye har ta fara tashi da kanta, garin neman gira a rasa ido. Auna tsohon, faɗinsa da kaurin wayar da yawan zagayen, a nemo irinsa.

Madubin hange fa? Na saka ya lalace cikin sati.

Zaburar nan ta gaba da baya ita ke kwance gilasan ciki, madubin da zai jure bindigar albarushi ma yana iya mutuwa a kan ta sifirin, sai wanda aka rubuta an yi shi dominta. Ƙarami mai 4x32 ya isa. Layin da ake ɗaura shi galibi milimita 11 ne, kuma yana son mariƙi mai ɗan fin da ke shiga rami, in ba haka ba kullum yana zamewa baya kaɗan kaɗan. Wata matsalar, hancin da ake karyawa sau da yawa yana ɗan kallon ƙasa, saitin ƙarfe bai damu ba tunda a kan hancin yake, amma madubi a kan bututu yake, sai ka murɗa har ƙarshe tana harbi ƙasa. Ana saka siririyar roba a ƙarƙashin madubin a zoben baya. In bindigar ba ta da layin tun asali a bar ta haka, kar a yi mata walda. Ni dai a ganina Diana 27 da saitinta na ƙarfe ta fi daɗi, sai in ido ne ya fara gajiya.

Sau nawa ake wanke cikin hanci?

Ba sosai ba, babu albarushi babu toka. Sai in saiti ya lalace bayan an duba sauran, ko ta daɗe a ajiye. Zare mai ƙarfi irin na kamun kifi da ɗan tsumma a ɗaure, a ja daga gindi zuwa baki, har tsumma ya fito da haske. Ban da sandar ƙarfe ko spok ɗin keke, musamman ta baki, domin gefen bakin nan in ya ci rauni saiti ya tafi. Wadda ta shekara a rataye a leƙa ta da haske kafin a harba, zanzaro yana son ramin nan ya cika shi da laka. In harsashi ya maƙale kar a bi shi da wani, a tura shi da siririyar sandar katako ko ta tagulla.

Tsatsa ta kama ta bayan damina, in sa samfefa?

A'a, samfefa zai kwashe baƙin launin ƙarfen gaba ɗaya, tsatsar baɗi ta fi ta bana. Jiƙa wurin da man keken ɗinki ya kwana, goga a hankali da soson ƙarfe mafi laushi mai lamba 0000 na masu fenti, ba na wanke tukunya ba. Watan Agusta ne mugun lokaci a nan, a riƙa shafa ta da tsumma mai mai duk bayan an taɓa ta, gumin hannu kaɗai yana barin shatin yatsa. Kar a bar ta cikin jaka mai soso, ko kwance a siminti ƙarƙashin gado, ko jingine da bangon da ruwa ke duka. Kabad mai makulli, da 'yan ƙullin nan masu shan danshi da ke zuwa cikin kwalin takalmi. A riƙa duba gindin ƙota saboda gara.

Laifi ne a harba ta ba harsashi? Ko a bar ta a ɗane?

Duka biyun laifi ne. Ba harsashi, fistin zai daki ƙarshen bututu ba abun da ya tare shi. A ɗane kuma na awanni sifirin yana gajiya, ga haɗari. Kuma duk lokacin ɗuri hannu ɗaya ya riƙe hanci ko sandar ɗanawa gam, masu B3 su fi kowa kiyayewa domin yatsa cikin ramin yake shiga.

Malam, ta maigidana ce Allah ya jiƙansa, yaran sun matsa sai sun riƙa harbin kurciya da ita. In bar su?

Amin Hajiya, Allah ya jiƙansa. Kar ki bar su su kaɗai. Tana fasa ido, a kusa tana iya kisa, kuma in aka harba sama harsashin yana wuce mita 200 ya sauka gidan wani, a cikin unguwa irin Tudun Wada ko Unguwar Rimi babu inda za a harba tsuntsu a kan waya ko bishiya a ce bayansa ba kowa. Ki kulle ta, harsashi a wani waje daban, har a gyara maganar takarda da sunan babba a gidan. In an kai ga koya musu, a gona, da babba a tsaye, a kwali. Farauta kuwa da irin waɗannan tsofaffin kar a wuce mita 20 zuwa 25, bayan nan raunata dabba kawai ake ta tafi ta mutu a wahale. Hukuncin cin abun da aka harba a kai wa malamai, abun da kowa ya sani dai in an same shi da rai yankawa ake.

Ina so in sayar, in kai a yi mata fenti da banish ta yi kyau tukuna?

Wanda ya san bindiga ya fi son ta da tsufanta. Wasu tsofaffin BSA rubutun saman bututunsu ba sassaƙa shi aka yi ba, sama-sama yake, gogewa ɗaya da samfefa ya tafi, da shi da rabin darajarta. Goge ƙota da tsumma mai ɗan danshi, in ta bushe shafa man linsid, man shafa wa katako, kaɗan da tafin hannu ka goge ragowar, ƙarfe kuma man keke. Notin asali ko ya ɗan ci rauni a bar shi, saitin baya in an cire don saka madubi a nemo shi a haɗa da ita domin shi ne ya fi wuyar samu. Mai saye ya zama yana da lasisi, a yi canjin suna a wajen 'yan sanda, lambar da ke jikin bindigar ta shiga takardar cinikin, kai ma ka riƙe kwafi.